Faifan Birkin da Baba Issaka Ya Sa Mini

Ɗazu a wajen suna a unguwar Maamobi na ga yayata Hajara tana jan ƙafar hagu, sai abincin ya fita raina.

Sama da shekara talatin ke nan. Na kai babur ɗina wurin Baba Issaka, makanike a Nima, abokin mahaifinmu, ya canza mini faifan birkin gaba da sabo, babba. Tun ranar, in na matse birki sai babur ya ci gaba da sulalewa. Na koma.

"Baba, birkin nan ba ya kamawa."

Ko ɗaga kai bai yi ba. "Sabo ne, hau shi, zai zauna. Tun ba a haife ka ba nake wannan aiki."

A Zongo ba ka ɗauke aikin babba ka kai wa wani, cin fuska ne. Na hau abina na tafi.

Bayan kwana uku na ɗauko Hajara daga kasuwar albasa ta Agbogbloshie. A gangaren unguwarmu motar haya ta trotro ta tsaya a gabanmu, na matse birki har yatsuna suka sage. A kwata muka ƙare, gwiwarta ta farfashe.

Daga baya wani makanike ya duba. Ashe man hana tsatsa da faifan ya zo da shi ne ba a goge ba. Tsumma da ɗan fetur kawai ake buƙata a goge shi.

Baba Issaka ya zo dubiya ya ce ƙaddara ce. Na raka shi har ƙofa, har da godiya.

Ni na yi ladabi, ita ke ɗingishi. 'Yan Zongo, ku faɗa mini gaskiya: ladabi ne wannan ko tsoro?