Littafin Tuwo Uku

Ku da kuka san Kawu Mainasara a Filinge, kun san bai taɓa fara littafi daga farko ba. Da an miƙa masa sabo sai ya yi bisimilla, ya kifa shi, ya buɗe shafin ƙarshe. Na taɓa ce masa, "Haba Kawu, ai ka ɓata daɗin labarin!" Ya harare ni ta saman tabarau ya ce, "Zalika, in za a kashe mutum in sani tun yanzu. Ban yarda in saba da shi ba, a zo a ƙwace mini."

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Shekarunsa duka ya yi su yana koyarwa a lakkwal, makarantar boko, shi ya sa gari ke ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Mutum ne mai tsoro, wallahi! Yana tsoron tsawa, yana tsoron allura, yana tsoron ragon maƙwabci. Amma da ya aje aiki, duk mai zuwa Yamai sai ya ce a zo masa da sabon littafi, na Hausa ko na Faransanci, ƙagaggen labari ko tarihin da wani ya rubuta na rayuwarsa. Kuma wanda ya fi razana shi, shi ne mai kyau.

Da tuwo yake auna su. Littafin da ya hana shi cin abinci sau ɗaya, littafin tuwo ɗaya ke nan, a karanta in an samu hali. Na tuwo biyu kuwa dole ne. Sau ɗaya tak na ji ya ba da tuwo uku, ga littafin wata tsohuwa daga wajen garin Damana, wadda ta ba da labarin shekarar da ta taka da ƙafa da ƴaƴa huɗu tana neman inda ruwa ya sauka. Kawu ya zauna gindin iccen bedi yana karatu yana salati, akushi na gabansa ƙuda na bi. Matarsa Inna Gambi ta zo ta ɗauke abinta ta ce, "Allah shi ƙaro marubuta. In sun ɗore haka, hatsinmu na kai mu kaka."

Sai kuma shekarar da labari ya iso cewa Isaka, wani tsohon ɗalibinsa da ya zama babban ma'aikaci, ya rubuta tarihin rayuwarsa, har da babi guda a kan lakkwal ɗin Filinge. Kawu ya aiko in zo maza. Na tarar da shi ya jiƙe da zufa, littafin na bisa tabarma, ya matsa nesa da shi kamar kunama.

"Mi ya samu, Kawu?"

"Na mutu, ɗiyata. Yaron ga na buge shi. Ba sau guda ba. Yanzu duniya duka za ta sani, har jikokina."

"To ka duba ƙarshe mana, yadda ka saba."

"Na duba! Godiya ce ga matatai. Ni ina tsakiya. Ke karanta, amma in kin iso inda ya zage ni ki yi tari, in toshe kunne."

Na karanta babin tsaf. Isaka ya ambaci darekta, ya ambaci mai gadi, ya ambaci har matar da ke sayar da ƙosai a bakin ƙofa. Na rufe littafin ban yi tari ba. Kawu ya ce, "Ina sauran?" Na ce ya ƙare. Sai ya miƙe tsaye: "Shekara ukku ina bugun ɗan banzan ga, ko sunana babu?"

Amma ranar da nake so ku riƙe ita ce ta hanyar Sanam. Rasuwa aka yi mana, dole muka tafi gaisuwa, kuma kun san yadda hanyar ta koma. Tun daga tasha Kawu ke jan carbi. Kusa da shi wani malamin lakkwal ne mai suna Abdu, sabon aure, zai koma wurin aikinsa. Rana na tsaka sai ga babura sun fito daga cikin sabara, mutane da rawani da bindigogi. Direba ya taka birki. Aka ce maza su sauka su jeru, mu mata muka rage cikin mota, ina leƙe ta taga.

Babbansu ya ce, "Wa ke aikin gwamnati cikinku? Ina malamin lakkwal?" Ba wanda ya motsa. Suka shiga zazzage jakunkuna, sai ga littafin Faransanci ya faɗo daga ta Abdu, tsakanin ƙafarsa da ta Kawu. Mutumin ya taka shi da takalmi.

"Na wa ne wanga?"

Na ga Abdu ya sunkuyar da kai. Sai na ji murya siririya kamar ta ɗan akuya: "Nau na." Kawu ne!

"Kai tsoho, karatun Nasara kake?"

"Ni? Ina na gan shi? Goro nika ƙunshewa." Ya duƙa ya ɗauki littafin, ya yage shafi, ya ciro goro daga aljihu ya naɗe, ya miƙa wa mai bindiga da hannu biyu. Mutumin da ko lanƙwasa kusurwar shafi ka yi sai ya yi kwana biyu bai gaishe ka ba! Goron ya suɓuce ya faɗi ƙasa, Kawu ya sake ɗauka. Mai bindiga ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya karɓa, ya ce mu wuce.

Mun yi tafiya mai nisa, Abdu na ta share hawaye. Can Kawu ya matso kunnena ya ce, "Zalika, jiƙar ga da kika gani ga wandona, ruwan gora na. Haka za ki hwaɗa ma Gambi." Na ce to. Ba mu taho da gora ba.

Bayan damanar bara ya rasu, a ɗakinsa, da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar uku Abdu ya zo da jariri a kafaɗa, ya durƙusa gaban Inna Gambi ya ce sunan yaron Mainasara. Ta karɓi yaron ta rungume.

Ya Allah, bawanka ne mai rauni, ya tsaya a ranar da masu ƙarfi suka sunkuya. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa, ka amintar da shi ranar firgici babba. Allah shi jiƙanka, Kawu.