Kaciyar Owiti

Owiti ɗan ƙabilar Luo ne, mutanensu ba sa kaciya. Ya daɗe yana dako a rumbun masara na garin Bungoma inda nake akawu, har ya yi 'ya'ya uku.

Duk lokacin kaciya abokan aikinsa, waɗanda a ƙabilarsu sai da kaciya ake zama namiji, kan ce masa, "Kai yaro, matarka na haƙuri!" Shi ma ya yi dariya.

Bana suka tare shi a bakin sikeli, suka tuɓe shi, suka ja shi wurin wanzami suna waƙa. Ya ce wa amininsa Wekesa, "Ɗan'uwa, ba na so." Wekesa ya ce, "Gata muke maka."

Da ya warke ya dawo aiki. Yanzu suna ce masa namiji, suna matsa masa wuri a kwanon ugali, tuwonsu na masara. Yana zama ya ci, ya tashi ya ɗauki buhunsa.