Kwana Huɗu a Bakin Tukunyar Gumi

Da kaka muka sauka Talata Mafara, ana tsakiyar yankan shinkafa, ni da maigida da 'yarmu mai shekara uku. Daga wani ƙauye muka taso a kudancin Katsina, inda kakanninmu suka karɓi bishara tun ba a haifi babana ba. Maigida makanikin injin ban-ruwa ne. Wani mai gonaki ya kira shi ya zo ya kula masa da injinansa na noman rani. Kafin mu iso mutumin ya sayar da gonakin ya bar garin, wayarsa ma ta daina shiga.

A tasha na tambayi wani mai kabu-kabu ina coci yake. Ya dube ni tun daga ɗankwali har gefen mayafi, ya ce, "Wani kike nema can, Hajiya?" Na ce mu ne za mu. Ya ɗauke mu ya kai mu.

Cocin ƙarami ne, benci bai fi goma sha biyu ba. Masu sujada 'yan kasuwa ne, da iyalan 'yan sanda, da malaman makaranta, da mutanen Zuru. Fasto ya ba mu ɗakin da ke bayan coci. Bai ɓoye mana ba, ya ce na mai bishara ne, kuma yana zuwa da iyalinsa nan da mako shida. Matan zumunta suka kawo mana tabarma da tukunya da risho. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Mama, tsohuwar ungozoma ce 'yar Zuru da ta shekara talatin a garin, har harshenta ya koma na Zamfarawa. Ita ke riƙe min yarinya in zan fita neman aiki.

Na fita kuwa. Ina da takardar sakandare a cikin leda, na iya girki, na iya raino. Na je wata makaranta a Bakura da aka ce ana neman mai kula da ƙananan yara. Aka gaisa da ni da kyau, aka tambaye ni wa ya san ni a garin. Babu. Na je wani shagon magani a nan Mafara. Mai shagon ya yi ta fara'a har ya buɗe takardar ya ga sunana na baftisma. Ya karanta a hankali, ya mayar cikin leda, ya ce zai neme ni. Ban san abin da ke zuciyarsa ba, wataƙila da ma ya riga ya sami wata. Amma ni daga ranar na fara jin nauyin sunana.

Maigida kullum yana yawon fadamu da jakar sifanoninsa. Ranar da ya samu ya gyara inji ɗaya, ranar da bai samu ba ya dawo ƙafa duk taɓo. A mako na biyar, da rana tsaka ina tsince wake, ya zauna a bakin ƙofa ya ce ya haɗu da wani ɗan garin Tsibiri. Ana neman mai kula da injin janye ruwa a ramukan zinariya, can cikin dajin bayan Maradun.

Na ajiye faranti. Ko ni baƙuwa na san abin da ake faɗa a kan wannan daji. A cocinmu akwai wata mata da ke zama a bencin ƙarshe, mijinta can ya tafi, har yau ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba.

"Ba za ka je ba," na ce.

"To ina za mu kwana in mai bishara ya zo? Ke da yarinya ku koma gida. Litinin ta sama zai zo ya ɗauke ni."

Na kai wa Mama maganar ina kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta ce akwai wata Hajiya a bayan kasuwa mai sana'ar gumin shinkafa, tana neman hannu, kuma tana da ɗakuna a jikin gidanta da take ba ma'aikata masu iyali. "Ki tahi gobe Talata da marece, in an tashi kasuwa. Ki ce ni na aiko ki. Kin ji? Ki hwaɗi sunana."

Na je. Hajiya gajeriya ce mai kaurin murya, tana zaune kan buhu tana duba shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a tafin hannu. Na durƙusa muka gaisa, gajiya da kasuwa da iyali da mutan Katsina ɗaya bayan ɗaya, har gwiwata ta yi tsami. Sunan Mama yana bakina. Sai fuskar mai shagon magani ta faɗo min. Na haɗiye. Na ce ji na yi ana neman mai aiki.

"Kin iya gumi?"

Na ce muna yi a gida, amma kaɗan-kaɗan. Na fara laluben ledar takarda.

"Bar abin ga. Hannu nika son gani. Ki zo gobe, in kin yi mako in ga yadda kike, sai mu yi maganar ɗaki." Sunana ma ba ta tambaya ba. Tun daga nan ta sa min Bakatsina.

Mu biyar ne ke aikin. A jiƙa shanshera ta kwana, a tsame a zuba cikin rabin duro da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da buhu, a hura wuta. Duk gwanintar tana wurin sanin lokacin janye itace. In tururi ya huda buhun, ɓawon ya fara tsagewa, to yanzu ne. Ka ƙara ko kaɗan, shinkafa ta dafe ta yi duhu, mai saye ya ɗaga ya ajiye.

Ranar Laraba da aka kira azahar kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Wata doguwa mai yawan barkwanci ta miƙo min buta. Na tsaya ina kallon butar. Na buɗe baki, kafin in ce komai Hajiya ta hango ni.

"A'a, hutu kike? Ke Doguwa bar ta, fashin salla takai. Zamna ki duba muna wuta, Bakatsina. Allah ma ya kawo ki. Kullum munka tahi salla sai tukunya guda ta wuce."

Na zauna. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na tsare wutar, na janye itace a kan kari, da suka sallame suka tarar da shinkafa fes. Hajiya ta murza a hannu ta gyaɗa kai.

Da la'asar sai ga ta da kofi, jiƙon kanwa da wasu saiwoyi masu ɗaci. "Sha, na ga kina yamutsa fuska. Mara ce ko? Ni ma haka nike yi da ƙuruciya." Ta tsaya a kaina har na shanye.

Haka Alhamis, haka Juma'a. Azahar da la'asar ni ce a bakin wuta, kofi kuma ba ya fashi. Ta hana ni ɗaga duro, ta ce ba a ɗaukar nauyi a wannan hali. Kirkinta shi ya fi damuna. In na dawo na durƙusa zan yi addu'a, sai in ji ɗacin jiƙon a maƙogwaro, in rasa ta inda zan fara. Mama ta tambaye ni ko Hajiya ta ce a gaishe ta. Na ce aiki ya yi yawa ba mu zauna ba.

Na kuma san abin ba mai ɗorewa ba ne. Hutun mace yana da iyaka, kowace a gidan tana iya lissafin kwanakin. Doguwa har ta fara: "Bakatsina, naki hutun na gwamnati ne? Ki ranta min kwana biyu mana."

Ranar Asabar muka jiƙa shanshera mai yawan da ban taɓa gani ba. Sai a lokacin na gane tsarin gidan. Kasuwa Talata ce, Litinin shanya da kai wa inji, don haka Lahadi ita ce ranar babban gumi, tukunya shida a jere tun da sassafe.

"Gobe kowa ya zo da an sallame asuba," in ji Hajiya. "Bakatsina, ke za ki riƙe tukwanen gabas."

Da safen nan na ga maigida ya wanke rigunansa biyu ya ninke cikin jaka. Litinin saura kwana biyu. In na yi shiru na zo gobe, wa zai sani? Allah zai sani, da Mama da za ta ga gurbina a layin zumunta. Kuma jibi fa, da gata, in aka sake miƙo min buta?

Na jira sauran suka fita, na durƙusa a gabanta.

"Hajiya, ina da magana. Gobe da safe ba zan samu zuwa ba. Ina zuwa coci. Ni Kirista ce."

Ta daina kaɗa mafici.

"Mi kika ce?"

Na sake faɗa.

"Bahausa?"

"E, Hajiya. Iyayena da kakannina."

"To hutun fa?"

"Ba hutu nake ba."

Ta daɗe tana kallona. Wata kaza ta hau kan shanya, ba wanda ya kore ta. Sannan ta ce, "Tashi ki tahi gida." Ko sai da safe ba ta ce ba.

Na biya gidan Mama na faɗa mata duka, har da sunanta da na ɓoye. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. "Na ba ki mabuɗi kin sa aljihu kin tsaya kina haura katanga! Ɗiyanta bakwai, biyar a hannuna sunka faɗo." Ta juya baya tana gyara ɗankwali. "Gobe in an tashi sujada ki jira ni."

Ban ji wa'azin ranar ba. Muka fito gaba mu matan zumunta, ana buga tulu, bakina yana motsi amma idona yana kan ƙeyar maigida, daga nan ya koma kan matar bencin ƙarshe.

Ana tashi muka kama hanya, da zanen zumunta a jikinmu, rana tana tsakiyar ka. Tun daga lungu ake jin ƙamshin gumi. Mama ta yi sallama ta shige. Gidan duk hayaƙi, mata huɗu a kan tukunya shida, zufa tana zuba a fuskokinsu. Doguwa ta ga zanena, ta kawar da kai.

"Wa nika gani haka?" in ji Hajiya. "Tsohuwa, ashe ba ki mutu ba?"

"Ina jiran in binne ki tukuna, mai rowar shinkafa."

Suka gaisa doguwar gaisuwa, 'ya'ya da jikoki da ciwon gwiwa, ni kuwa ina durƙushe kamar ba a san da ni ba. Daga ƙarshe Mama ta nuna ni da haɓa. "Wagga ɗiyata ce. Ni na aiko ta, tsoro ya hana ta hwaɗi. Na zo ba da haƙuri."

"Tsoron mi? Cin mutane nikai?" Hajiya ta juyo gare ni. "Ke, dube ni. Addininki tsakaninki da Ubangijinki. Abin da ya ƙona min rai, kwana huɗu ina dafa miki jiƙo da hannuna, kina karɓa kina sha kina godiya. Ba ki yi ƙarya da baki ba, amma kin bar ni ina yi ma kaina. Yau in na ba ki ɗaki jikin gidana, mi kuma za ki bari in zata?"

Na ce babu. Na ce ta yafe min, na yi kuskure, kuma na faɗa mata dalili, har maganar ramin zinariya da jakar da ke ninke. Ban iya ɗaga kai ba.

Ana cikin haka ladan ya kira azahar. Matan suka dubi tukwane, suka dubi Hajiya. Uku daga cikin tukwanen tururi ya fara huda buhu.

Hajiya ta miƙe ta ɗauki butarta. Ta kai bakin ƙofar ɗaki, sannan ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Kina nan zamne shinkafata na wucewa? Tuɓe zanen ga kar ya sha hayaƙi."

Na tsare tukunya shida ni kaɗai, ina gudu daga wannan zuwa waccan, Mama tana zaune kan turmi tana min tsawa in janye na gabas. Ɗaya ta ɗan yi duhu. Hajiya ta gani, ta faɗa, ta kuma sake faɗa.

Da la'asar ta yanke magana. Safiyar Lahadi tawa ce, amma azahar da la'asar na kowace rana wuta tawa ce, da Juma'a, da yinin azumi in ya zo. Ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta ta miƙa wa Mama, ba ni ba. "Ke kika tsaya mata. Rufin yana yoyo ta kusurwa, mijin ya gyara."

Doguwa ta yi kusan wata ba ta sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Ranar da ta dawo da tsokana, cewa ta yi in ajiye mata sauran jiƙo.

Litinin ɗin kuwa, washegarin ba da mabuɗi, da hantsi ɗan Tsibirin ya zo da babur ya tsaya a ƙofar coci yana hon. Ina ɗaure tukwane a zane, na ji maigida ya fita. Sun daɗe suna magana. Na riƙe yarinya a ƙirji, ban leƙa ba, har na ji babur ya tashi, ƙararsa ta yi nisa. Sai ga shi ya shigo, ya ɗauki jakar, ya ɗora ta kan kayanmu, ya tambaye ni ko na ga inda ya ajiye guduma, don kwanon rufin zai fara dubawa.