Na Yi Wa Yaya Kara, Umma Ta Rasa Ɗakinta

A lokacin ni direba ne a unguwar Abhur, kuma auta a gidanmu na unguwar Ruwais, inda aka haife mu duka. Mahaifiyarmu, Umma, ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ɗakinta na ƙasa shi ne duniyarta. Ta sha gaya mana ba inda za ta, nan za a ɗauki gawarta.

Sai bututun masai da ya bi ta ƙarƙashin tsakar gida ya fara wari. Na kira wani injiniya ɗan Kano, ya zura kyamara, ya nuna min da idona: tsakiyar bututun ya burma. Ya ce hanya biyu ce ba tare da an fasa gida ba. Ko a zura masa riga mai gam ta ciki ta bushe, ko a tona ƙananan ramuka biyu a ja sabon bututu yana farfasa tsohon. Ya ce riga ba ta ta da abin da ya riga ya burma.

Babban yayanmu, wanda ko leƙa kyamarar bai yi ba, ya ce ba mai taɓa tayil ɗin da Baba ya shimfiɗa, riga za a sa, halas, magana ta ƙare. Ni kuma, saboda a gidanmu ƙarami ba ya musu da babba gaban baƙo, na sunkuyar da kai. Injiniyan ya ƙi aikin, Yaya ya samo wanda zai yi.

Ruwan sama na farko, bayan sallar Juma'a, ƙazanta ta dawo ta cika ɗakin Umma har kan darduma. A kujera muka fito da ita tana kuka. Aka fasa tsakar gidan gaba ɗaya, aka kai ta wurin yayata, bene hawa na uku. Kullum sai ta tambaye ni yaushe za ta koma. Bayan wata biyu ta rasu a can. Wai a zaman makoki Yaya yake cewa ƙaddara ce! Na yarda da ƙaddara, amma har yau raina na tafasa, kuma rabin fushin da kaina nake.

Jama'a, girmama na gaba wajibi ne, amma in kun ga gaskiya da idonku ku faɗa, ko murya na rawa. Ni na yi shiru don kada a ce ba ni da kunya, tsohuwata ce ta biya.