Ranar da Na Durƙusa wa Mai Furfura

Shekarar da aka rufe iyaka, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ina aure a Illela, innata kuma tana Ƙonni. Wata safiya wani mai jaki da ya biyo daji ya kawo saƙo cewa jikinta ya yi tsanani, tana ta kiran sunana. Maigidana ya ce in tafi. Na saɓa goyo na nufi shingen iyaka.

Da can kwastan kawai muka sani a wurin. Wannan karon na tarar da soja, da 'yan sandan gwamnati, da 'yan dokan En'e, duk a rumfa guda. Na duba na zaɓi wanda ya fi kowa furfura, wani ɗan doka abokin babana, na zube gabansa. Ai a garinmu babba shi ke yanke magana.

"Tashi, ɗiyata," in ji shi. "Nan ba ni ad da iko ba. Ga mai iko can."

Na waiga. Wani siririn hafsan soja ne, ko gemu bai tsiro ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, wanga yaro?"

"Rufa muna asiri! An haɗe mu duka ƙarƙashinai. Kowa da aikinai, amma baki guda ka ba da umarni."

Sai tsohon nan ya gyara hula, ya je ya ƙame gaban sa'an ɗansa, ya sara masa. Kunya ta kama ni a madadinsa, shi kuwa ko a jikinsa.

Hafsan bai yi mini magana ba tukuna. Ya tambayi kwastan ko ina ɗauke da kaya, aka ce sai goyo. Ya tambayi 'yan sanda ko ana nemana, suka ce a'a. Ya tambayi tsohon ko ya san ni.

"Ranka shi daɗe, ni na ci goron sunanta."

Na zaci an gama. Ashe hafsan ma akwai na gaba da shi. Ya zauna gaban wayar iska ya kira Sakkwato, su kuma suka ce sai sun ji daga Kaduna. Ina tsaye ina tsine wa wannan tsari a zuci, yaro na tsala kuka, rana ta take. Hafsan ya sa aka kawo mini tabarma da ruwa, ya koma ya sake kira. Bai gaji ba, Allah ya saka masa da alheri, shi da tsohon duka.

Bayan azahar amsa ta zo, aka ce in wuce. Tsohon ya raka ni har dutsen iyaka, ya danƙa ni ga jandarmomin wancan ɓangaren.

Na sami Inna kwance, idonta a rufe. Na kama hannunta, ta shafa fuskata.

"Ke ta?" ta ce. "To, kwance jikana in ji ɗuminai."

Na aza shi a ƙirjinta. Kafin magariba, Inna ta cika.