Tsinken Zakariyya'u Direba

A unguwar Makera ta Kaduna, in aka ambaci Zakariyya'u Direba, mutane kan ɗan yi shiru kafin su tanka. Ba mugu ba ne. Ba ya cin haƙƙin kowa, kuma in yana gari sahun farko ba ya wuce shi. Sai dai Allah ya yi shi da kaifin baki da fuska kamar an aiko masa da rasuwa. In ka yi masa ban gajiya, ya ce wace gajiyar ka gani. Matarsa Hafsat takan ce shekara ashirin da bakwai suna tare sau uku ta ga haƙoransa, ɗaya ma ciwo yake masa ya buɗe ta duba.

Ba da sitiyari ya fara neman abinci ba. Mahaifinsa mai haƙo yashi ne a kogin Kaduna, irin waɗanda ke tura kwalekwale da gora zuwa tsakiyar ruwa, su yi ta nutso da bokiti har su cika shi, su kawo gaɓa tifa ta kwashe. A hannunsa Zakariyya'u ya koyi abin da tsohon yake kira gaida ruwa. Duk mai shiga kogi da damina, ya fara kafa tsinke daidai inda ruwa ya tsaya a gaɓa, ya je ya yi wata hidimar, ya dawo ya duba. In tsinken yana nan yadda ya bar shi, bismilla. In ruwa ya hau shi, to an tafka ruwan sama a can gaba inda ido ba ya kaiwa, kuma yana tafe.

Da yake yana da dogon numfashi, sai wani aiki ya same shi wanda bai nema ba. Duk damina in kogi ya ci mutum, gidansu ake zuwa. Ya tsamo 'yan makaranta, ya tsamo mai wankin babur, ya tsamo wata mata da goyonta. Ba ya karɓar komai, in ya dawo kuma sai ya kwana biyu tuwo bai shiga bakinsa ba. Da ya tsamo na goma sha huɗu ya ce ya isa. Ya koyi mota, ya ja tifa, ya yi hanyar Kafanchan, daga baya ya samu doguwar bas ta Alhaji Ɗahiru na Trikania, wadda ake haya zuwa biki ko taro. Shekara goma sha ɗaya tana hannunsa, da ita ya aurar da 'ya biyu. Yana da hamsin da tara a duniya, ya kuma san in ya rasa wannan makulli ba mai sake damƙa masa wani.

Wata Asabar a watan Satumba, ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa ta ɗauki motar. Tun da masaƙun Kakuri suka mutu suke haɗuwa duk wata, Musulmi da Kirista. Shugabarsu, Madam Scholastica, mace mai murya kamar jiniyar tashi daga aiki, ita ta ce sun gaji da ganin juna a wurin taro da ta'aziyya kawai, bana a fita a sha iska. Ɗan ƙanwarta Sam, wanda ke sana'ar kai mutane yawon buɗe ido, ya ce ya san wani kogi can bayan Kaciya inda ruwa ke gangarowa tsakanin duwatsu yana farin kumfa. Za a hura jirgin roba, a sa rigar ruwa, mutum takwas-takwas su gangara da filafili a hannu, a ɗauki hoto. Aka buga musu riga iri ɗaya ruwan ɗorawa.

Tun a wurin lodi aka fara. Sam ya jawo wasu manyan naɗi guda biyu yana turawa cikin but, ma'ajiyar kayan motar.

"Wannan fa?" in ji Zakariyya'u.

"Jirgi ne, Baba."

"Ni katifa na gani."

Ya rufe but ɗin, ya murza makulli, ya jefa a aljihu. Ya hau ya ƙirga kawuna kamar yadda ya saba, talatin da biyu.

A hanya ba wanda bai ɓata wa ba. Suka ce ya ƙara kiɗa, ya ce kunnensa na kan inji. Hajiya Rakiya, wadda ta yi shekara ashirin a sashen rini, ta hango doya a bakin titi ta ce a tsaya.

"Hajiya, yawo aka ce ko cin kasuwa?"

"Da kuɗinka zan saya?"

"Da bayan motata za ki ɗauka."

Madam da ta fara kiransa Malam Zakari da safe, kafin a kai Kaciya ya koma Direba.

Suka isa rana tsaka. Wurin yana da kyau, wannan ba musu: duwatsu baƙi, ruwa yana tsalle a kansu, sama tarwai babu ko ɗigon gajimare. Aka sauke kulolin shinkafa daga cikin mota aka shimfiɗa tabarmi, aka ce a ci tukuna. Zakariyya'u ya gangara yin alwala. Bai yi niyyar komai ba, hannunsa ne kawai ya karyo tsinke ya kafa a bakin ruwa, yadda mutum kan yi bismilla ba tare da ya shirya ba. Ya hau wani falalen dutse ya yi azahar.

Da ya sallame ya dawo, ruwa ya ci yatsa biyu na tsinken. Ya tsuguna. Ya ga ɗanyen ganye yana wucewa, ba busasshe ba, sannan karan masara da saiwarsa. Ya tsoma hannu ya ji sanyin ya fi na ɗazu, kumfar kuma ta fara komawa launin koko. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai da gwiwarsa ta yi ƙara.

Sam na jiransa a jikin mota. "Baba, makullin but."

"Ba za a shiga ba."

Sam ya yi dariya, ya zaci ba'a ce. Da ya ga fuskar, ya je ya kira innarsa. Madam ta taso da cokali a hannu, masu ruwan ɗorawa na biye da ita.

"Direba, me na ji?"

"Ruwa na zuwa, Madam. An yi shi a can gaba."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi sama. Wani ya ce ashe har da boka aka haɗo su a kuɗin mota, aka kwashe da dariya.

"Baba, makon jiya na zo nan da mutum ashirin," in ji Sam. "Ga hotuna a waya."

"Ruwan makon jiya yana teku yanzu. Je ka duba tsinkena."

"Tsinke," Madam ta maimaita, ta juya ga jama'a. "Wata huɗu muna shiri. Baba Ishaya ga shi can, ranar ganin likitansa ya ɗaga don ya zo. Yau tsinke zai mai da mu gida. Kai, tuƙi aka ɗauke ka, ka tuƙa, ka gama. Wa ya naɗa ka sarkin ruwa?"

"Ba wanda ya naɗa ni."

"To buɗe."

"Madam, dubi mutanenki. Wanda ya fi ƙuruciya a cikinsu jika gare shi. Rabinsu ko a baho ba su taɓa iyo ba."

"In mun mutu ina ruwanka?" in ji Hajiya Rakiya. "Tun safe kake nuna ba ka ƙaunar ganinmu."

"Gaskiya kika faɗa, Hajiya. Ba tausayinku nake ji ba. In katifar nan ta kife, duk nan wa zai nutsa ya ɗauko ku? Ni ne. Sha huɗu na ɗauko a rayuwata, duk na san nauyinsu. Ke kuwa ko a tudu ba zan iya da ke ba."

Wannan maganar ita ta ɓata sauran. Da ya lallashe su, da wataƙila wani ya gangara ya dubi tsinken. Amma Allah bai ba shi wannan ba, kuma mutumin da aka ci wa fuska ba ya zuwa duba hujjar wanda ya ci masa. Ba wanda ya taka zuwa gaɓa.

Sam ya hau kan dutse neman sabis, ya samu Alhaji Ɗahiru, ya sauko da gudu yana riƙe da wayar a buɗe kowa na ji.

"Zakari, me ke faruwa? Mutanen nan sun ɗauki mota, kayansu ne a ciki."

"Alhaji, ruwan ba shi da kyau."

"Ana ruwan sama ne?"

"A nan dai a'a."

"To ka buɗe musu. Na sha jin ƙararka ina kau da kai. Wannan ƙungiya duk shekara wurina suke zuwa. In ba ka buɗe ba, in ka dawo ka ajiye min makullina."

Zakariyya'u ya sa hannu a aljihu, ya ji makullin da ɗan zoben fatar da Hafsat ta ɗinka masa. Ya tuna ƙaramarsu Zainab da ba ta gama sakandare ba. Ya dubi motar, wadda shi ya wanke da asuba.

"To, Alhaji. Zan ajiye."

Sam ya ɗauko dutse zai fasa but ɗin. Zakariyya'u ya je ya jingina bayansa da murfin.

"Fara da ni, ɗana."

Sam ya yar da dutsen. Zakariyya'u ya hau ya tada mota, ya ce hanyar nan ba a binta bayan faɗuwar rana, ƙarfe uku zai tashi, mai son kwana da kogi ya zauna. Suka tattara kuloli suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo wucewa ya ajiye masa tasa. Hajiya Rakiya ta ce Allah ya isa. Madam ta ce Ubangiji yana gani, kuma za ta tabbata ko keken guragu ba a sake ba shi ba. Wajen Kujama wani daga baya ya jefo ledar ruwa ta fashe a ƙeyarsa, ruwan ya bi wuyan rigarsa. Bai waiwaya ba, bai kuma tsaya a wurin doya ba.

Ana kiran magariba ya sauke su a Makera. Ya tsaya a ƙofa yana ƙirgawa da leɓe. Sannan ya buɗe but ya ja gefe, Sam ya kwashe jiragensa. Ya kai motar Trikania, ya miƙa makulli, ya ce a cire masa zoben fatar, nasa ne.

Da ya shiga gida Hafsat ta dubi rigar, ta dubi hannunsa.

"Malam, ina makullin?"

"Yana wurin mai shi."

"Bakin nan ne ko?"

"Har da shi."

Ta zuba masa tuwo. Ya cinye, ya ce a ƙaro.

Yanzu shekara biyu ke nan. Madam ta cika alkawari, duk mai bas a kudancin gari ya ji labarin direban da ya kulle kayan fasinja. Zakariyya'u ya koma gaɓar da ya baro, yana toshe wa masu yashi kwalekwale da kwalta da tsumma, Hafsat kuma ta fara kosai a ƙofar gida. 'Yan ƙungiya in sun haɗu da shi sukan tsallaka titi. Sam yana cewa wani mutumin ƙauyen da ke kusa da kogin ya shaida masa ruwan bai taɓa zuwa ba ranar. Wata mai sayar da citta daga can ta ce ita dai ta san kogin ya ci gonaki a wannan watan, amma ba ta riƙe rana ba. Sanin gaibu sai Allah.

Kwanan baya wani direban tifa da ke jiran lodi ya tambaye shi gaskiyar magana, ruwan ya zo ko bai zo ba.

"Ban koma na duba ba," in ji Zakariyya'u, yana dama kwalta. "Talatin da biyu na ɗauka, talatin da biyu na sauke. Matsa min, ka tare min haske."