Yadda Na Kashe Kifayen Maigidana da Abinci

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da shida, ina sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi a unguwar Nima cikin Accra, sana'ar da na gada wurin uwata. Duk unguwar an san ni da cika hannu. Ba wanda ke tashi daga bencina da sauran yunwa, kuma da wannan nake taƙama. Maigidana kuwa mutum ne mai auna komai, ko sukarin shayi sai ya daidaita bakin cokali. Na sha ce masa marowaci, cikin wasa da kuma cikin faɗa. Allah bai ba mu haihuwa ba. Da ya bar tuƙin babbar mota, sai ya haƙa kududdufi biyu a wani fili can bayan Ashaiman ya soma kiwon karfasa, kifin da mutanen Accra ke ci da tuwon banku. Ɗaya na kifin sayarwa ne, ɗayan kuma na iyayen kifi, waɗanda ya yi shekara bakwai yana zaɓa da hannunsa, yana ware masu saurin girma. A masallacin unguwarmu har zolayarsa ake yi, ana tambayarsa ya yara, wato kifayen, shi kuma ya yi dariya ya ce suna gaisuwa.

Cikin damina hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, aka kwantar da shi a asibiti. Ranar da bakinsa ya soma buɗewa, bai tambayi gida ba, kifi ya tambaya. Ya riƙe hannuna yana magana da ƙyar, ya ce in riƙa zuwa da kaina. Ya ce in ba su abinci gwangwani huɗu da safe bayan rana ta ɗaga, huɗu da la'asar, in watsa kaɗan-kaɗan, da na ga sun daina rububi in tsaya ko da saura a hannuna. Ya ce ranar da gari ya wuni da hadari in rage, in kuwa na gan su sun taso sama suna buɗe baki, kada in ba su komai. Na ce masa na ji. Gaskiya rabin maganar kawai na saurara, don a raina ina cewa wannan ma rowar ce ta bi shi har gadon asibiti.

Na bar wa ƙanwata tukunya, yayarsa kuma ta zauna jinya, ni na riƙa shiga torotoro, motar haya, kullum zuwa fili. Kwana ukun farko na bi yadda ya ce. Amma da na ga yadda kifayen ke rububin abinci, sai tausayi ya kama ni, na ce ashe bayin Allah nan da yunwa suke rayuwa. Na ƙara gwangwani biyu, washegari na ƙara huɗu. Sai kuma wata dabara ta zo mini: in ya fito asibiti ya tarar da kifayensa sun yi ƙiba, zai yi murna, kuma zai san hannuna ya fi nasa albarka. Na soma kwaso ragowar waakye da ƙanzo, har da taliya da ta sha man miya, ina juyewa a ruwan. Na je Kasuwar Malam Atta na sayo buhun dusa mai araha, ta ɗan yi tsami da fumfuna, na ce ai kifi ba ya zaɓe.

Akwai wani dattijo mai noman kuɓewa a gefen filin, abokin hirar maigidana. Wata rana ya leƙo, ya dubi ruwan da ya koma kore shar da maiƙo a samansa, ya gaya mini da yaren Twi cewa ruwan nan ya soma wari, kuma mai wurin ba haka yake yi ba. Ya ce abin da kifi bai ci ba ƙasa yake nutsewa ya ruɓe, ya shaƙe su. Na amsa masa da cewa shekara talatin ina ciyar da mutane ba wanda ya taɓa mutuwa, ya je ya ji da kuɓewarsa. Ya juya ya koma gonarsa.

Aka yi kwana biyu rana ba ta fito ba. A rana ta uku na isa da sassafe, na tarar da kifayen duk sun taso sama, baki buɗe, suna haɗiyar iska. Na ɗauka roƙona suke yi. Na ce musu ku yi haƙuri na makara, na ɗauki bokiti cike da dusa na juye musu, na ƙara wani. Ba su taɓa ba. Kafin azahar sun soma kifewa, fararen cikkuna a sama. Na shiga ruwan da zanena ina tsamo su ina ihu, dattijon nan ya rugo ya taya ni ɗebe ruwa muna zuba sabo, amma aikin ya riga ya wuce mu. Kafin la'asar kududdufi biyun sun zama fari fat. Iyayen kifin nan, wasu tsawon damtsena, ni da dattijon muka haƙa rami muka binne su saboda wari.

Da a nan na tsaya, da wataƙila ban rubuto wasiƙar nan ba. Amma na tafi asibiti, ya tambaye ni yara, na ce suna lafiya, suna ci sosai. Sati uku ina wannan ƙarya. Kullum sai in ƙirƙiro masa labari, shi kuma fuskarsa ta washe. Ma'aikatan jinya suna mamakin yadda yake dagewa da koyon tafiya, yana gaya musu yana da masu jiransa. Na sha ɗaura niyyar faɗa masa, sai in ga yadda yake jan ƙafar nan da ƙarfin hali, in haɗiye maganar.

Kwana biyu da sallamarsa ya ce sai an kai shi fili. Na kawo uzuri iri-iri, ya ƙi. Muka ɗauki tasi. Da muka isa ya sauka da sandarsa, ya tsaya a bakin kududdufin iyayen, ya tafa hannunsa mai lafiya a cinya yadda ya saba kiransu. Ruwa bai motsa ba. Ya sake tafawa. Sai na durƙusa na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni kawai yaushe ne, na faɗa masa. Ya lissafa kwanakin, sannan ya ce ashe duk labaran da nake ba shi a asibiti, suna cikin rami. Ya ce mu koma gida.

Daga ranar bai sake motsa ƙafar ba. Ya bar zuwa asibiti, ya bar fita masallaci. Ya ce ya yafe mini, kuma na san da gaske yake, amma ko ruwan sama na ce ana yi sai ya juya ya dubi taga da kansa. Wata bakwai ya yi a haka, Allah ya karɓi abinsa. Yayarsa ba ta gaishe ni har yau. Mutane na ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da ƙaddara, amma hakan bai taɓa sauke mini nauyin ba. Filin yana nan, ciyawa ta cinye shi, ban iya zuwa ba, ban iya sayarwa ba.

'Yan'uwana masu karatu, in wanda ya san aikinsa ya ba ku amana ya faɗa muku yadda za ku yi, ku saurara har ƙarshe, ko da kuna ganin kun fi shi tausayi. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa a ranar, da bakinku, komai ɗacinta. Ni na jira lokacin da ya dace, kuma bai zo ba. Ku sa maigidana a addu'a. Ni ma, in kun tuna, ku roƙa mini gafara.